Layin da Ba Kowa da Layin da Aka Ba Ka

Kwangila, Minna.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga autansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, cikinka a ƙoshe, hankalinka a kwance. Saƙonka ya iso ta hannun Malam Garba mai duba tikiti. A tsaye na karanta shi a soro, ko tabarau ban tsaya nema ba. Da na kai inda ka ce ka sauka Fatakwal lafiya, kuma sun karɓe ka aiki duk da makarar da ka yi, sai na zauna a kan dakali ina ta hamdala. Rabon da in ji sanyi a raina irin na ranar har na manta.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Minna tana nan yadda ka bar ta, famfo ya kawo ruwan dam ɗin Tagwai yau, gobe ya yi mana rowa. Bayani ne nake bin kaina da shi. Ka tafi ba ka san dalilin da ya sa na tare ƙofar soro na hana ka hawa jirgin farko ba, har ka kusa rasa aikin da ka sha wahala kafin ka samu. Na ga idonka ranar. Ba ka mayar mini da magana ba, Allah ya yi maka albarka, amma na san a ranka cewa ka yi tsufa ya fara taɓa tsohon nan. Abin da ka faɗa kawai shi ne, “Baba, ai na gaya wa Inna, ba ta ce komai ba. Ba wanda ya hana.” Ni kuma bakina bai iya lallashi ba, sai abin ya fito da tsawa. Abin da baki ya kasa, bari alƙalami ya gwada.

Kai ka fi ni Turanci nesa ba kusa ba. Nawa na reluwe ne, a bakin dogo na tsince shi, rabinsa ma umarni ne da zagi. Amma akwai kalmomi biyu da na riƙe tun ina saurayi, empty da clear. In ka tambayi mutum a hanya zai ce maka ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duka biyun suna nufin ba komai a gabanka. Ni ma haka na ɗauka, har sai da suka bar mini tabon nan na gwiwa da kake tambaya ta kansa kana ƙarami, ina ce maka keke ne ya kayar da ni.

Ka san dogonmu layi ɗaya ne, mai zuwa da mai tafiya duk a kansa suke bi. Saboda haka tsakanin tasha da tasha ba a yarda jirgi biyu su shiga ba. A ofishin kowace tasha akwai wani inji da ke riƙe da 'yan sanduna na ƙarfe. In jirgi zai tashi, sai ka buga wa tasha ta gaba ƙararrawa ka nemi hanya. Sai mutumin can ya duba nasa ɓangaren, ya amsa, ya saki injinsa, sannan naka injin zai bar ka ka zare sanda ɗaya. Ita za ka miƙa wa direba. Ko gwamna ne a cikin taragon, direba ba zai motsa ba sai sandar nan tana hannunsa.

Farkon aikina an tura ni wata ƙaramar tasha gaba da Gwada, ƙarƙashin Baba Yohanna, mutumin Maikunkele, dattijo mai ƙaramin jiki da babbar murya. Wata rana da hantsi ya zaga bayan tasha yana ciniki da masu doya, sai ga leburorin gyaran dogo da kurarsu ta ƙarfe wadda suke turawa a kan layi. Suka ce suna sauri, in ba su izini su hau. Ni kuwa sabon kaki, sabuwar hula, ina jin kaina. Na fita na tsaya tsakiyar layi, na kare ido da tafin hannu. Dogo ya miƙe yana ƙyalli har inda ido ya ƙare, ko akuya babu. Na ce musu, “Ku hau, ba komai.” Ban buga wa kowa ƙararrawa ba.

Ba su yi nisa ba na ji kukan jirgin kaya daga bayan kwanar dutse. Na fizgi jar tuta na zuba a guje ina ihu, na yi tuntuɓe da katakon dogo na dire a kan tsakuwa. Allah ya taimaka leburorin nan sun ji kafin su gani, kowa ya yi tsalle ya faɗa ciyawa. Kurar dai ta zama tarkace, tukunyar wakensu ma sai murfinta aka tsinta. Ba wanda ya mutu. Har yau in na tuna sai na ce Alhamdu lillahi a fili, ko a cikin mutane nake.

Na zaci Baba Yohanna zai kwaɗa mini mari. Bai yi ba. Ya kamo ni ya zaunar, ya sa aka wanke mini gwiwa da ruwan gishiri, sannan ya tsaya a kaina ya ce da irin Hausarsa, “Yaro, ido naka ya gaya maka empty. To wane ne ya gaya maka clear?” Ya ce, “Empty, kai kaɗai ka gani. Clear, sai mutum biyu. Ido naka ba ya zagaya kwana.”

Ban ce haka yake a ƙamus ɗinku ba, kai ka duba ka gaya mini. Amma ga yadda na fahimce shi. Empty labarin ido ne, iyakarsa inda ganinka ya tsaya, kuma na yanzu-yanzu ne, ba ya ɗaukar maka alkawarin anjima. Clear kuwa magana ce da wani ya furta, wanda yake tsaye inda kai ba ka gani, ya duba, ya ce taho, ya kuma ɗauki nauyin abin da ya faɗa. Ɗaki yana iya zama empty ba da sanin kowa ba. Hanya ba ta zama clear sai an tambaya an amsa. To ga ka nan za ka yi aiki cikin injina da wayoyin wuta. Kada ka sa hannu a abu don ka ga ba ya motsi. Ka nemi wanda abin yake hannunsa ka ji daga bakinsa, ko da lebura ne kai kana injiniya. In sun yi maka dariya sun ce bahaushen nan ya cika tambaya, bar su su yi, matambayi ba ya ɓata. Ni dai na fi son ka dawo mini da yatsunka goma.

Za ka ce wanda ya sha wannan ai ya warke har abada. Ina! A tasha na koyi karatun, na bar shi a tasha. Shekarar da na sayi keke, na rasa inda zan riƙa jingine shi saboda ruwan sama, sai na yi niyyar kafa 'yar rumfa a tsakar gida, daidai inda wata bishiyar lemun tsami take. Na sami Innarku tana tankaɗe, na ce mata gobe zan sare lemon nan. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin. Da gari ya waye na sa gatari. Ashe irin lemon daga gidan mahaifiyarta ta zo da shi, a ƙulle a bakin zane, ranar da aka kawo ta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Sai ta koma yi mini ladabi irin na baƙo. “Ga abinci, ranka ya daɗe.” “A sauka lafiya, ranka ya daɗe.” Na yi wata da watanni ina cin tuwo kamar a gidan surukai. Rumfar ma iska ta kwashe ta a damina ta biyu. In Allah ya kai ka ga aure, ka tuna da lemon nan. In ka gaya wa mace magana ta ci gaba da abin da take yi, kada ka tashi, ka ja kujera ka sake tambaya.

Wannan na dariya ne. Wanda zan faɗa yanzu ban taɓa zama na gaya maka shi daga farko ba, kana ƙarami sosai lokacin.

Ka san yayanku, babban, shi ne ɗan farinmu. Ka kuma san al'adarmu a kan ɗan fari. Innarku ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana ido da ido, ko a hanya suka haɗu sai ta kau da kai. In za ta ba shi abinci sai ta ce wa yayarka Ladi, “Kai wa wancan.” A ɗakin kakarku ya tashi. Mutane suna yabon ta, suna cewa ga mace mai alkunya. Ba wanda ya san in ya yi zazzaɓi ba ta runtsawa, tana bayan ƙyaure tana sauraron numfashinsa. Ni ma ba na kama sunan, sai dai in ce babban yaron nan.

Da yaƙin basasa ya tashi, jiragen soja suka riƙa ratsa Minna, samari cike da tarago suna waƙa suna ɗaga hannu. Abokansa biyu suka shiga. Ya same ni a soro ya ce shi ma zai tafi. Raina bai so ba ko kaɗan, amma na ji nauyin a ce ma'aikacin gwamnati ya hana ɗansa. Sai na ce, “Je ka gaya wa uwarka,” ina tunanin a nan maganar za ta mutu. Ya je ya tsaya a bakin ƙofarta, ya yi wa labule bayani. Ita kuwa tana ciki ta juya fuska bango, hawaye na zuba, kunya ta ɗaure mata baki, tana jira ni in hana shi tunda ni ne uba. Ya jira, bai ji komai ba. Ya dawo ya ce mini, “Baba, ba ta hana ba.” Na san ba amsa ba ce wannan. Wallahi na sani. Amma na ce, “To, Allah ya tsare.”

Ranar da suka tashi ni ne a bakin aiki a tashar Minna. Ni na buga ƙararrawa, ni na zare sanda, ni na miƙa wa direban jirgin da ya tafi da shi. Na nema wa jirgi izini daga tasha ta gaba, ban nema wa ɗana daga ɗakin uwarsa ba. Bayan an gama yaƙi wani abokinsa ya zo da agogonsa, ya ce a can gabas aka binne shi, kusa da wani rafi da shi ma bai riƙe sunansa ba. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yarda da wannan, ko ta yi magana ko ba ta yi ba abin da Allah ya rubuta sai ya faru. Abin da ya ci Innarku ba mutuwar ba ce kaɗai. Ya tafi ba ta ce masa je ka ba, ba ta ce masa zauna ba, ba ta sa masa albarka da bakinta ba. Akwatinsa ya yi shekara da shekaru a ƙarƙashin gadonta, ba ta buɗe ba, ba ta bari an taɓa ba.

To sai ga takardar aikinka, kuma ba ko'ina ba sai wannan ɓangaren ƙasar. Kai ba ɗan fari ba ne, kai auta ne, ba wata kunya tsakaninku. Matar da take bin ka da faɗa daga kan wankin ƙafa har yawan barkonon da kake zubawa a miya, ita ce ka gaya mata za ka tafi Fatakwal ta ci gaba da firar doya ba ta ce uffan ba. Ta daina taɓa abinci sai dai ta jagwalgwala ta rufe. Kai ba ka lura ba, kana ta guga da haɗa kaya, ban kuma ga laifinka ba, murna ba ta barin mutum ya ga gefe. Da ka tsaya a soro da jakarka ka ce mini ba ta ce komai ba, muryar yayanka na ji. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Kada ka ɗauka ina da wata dabara a ranar. Ba ni da ita. Da na ji jirgin ya yi kuka ya tashi babu kai, sai na fara tuhumar kaina. Gaskiyarka ce da ka ce aiki a wannan zamani na tsuke bakin aljihu ba ya jiran kowa, ga masu digiri nan suna zaga sakatariya da fayil a hammata. In suka ba wani gurbinka, da wane ido zan dube ka? In kuma ta buɗe baki ta ce ba ta yarda ba, ya zan yi? Na hana ka in cuce ka, ko in bar ka in kashe ta da rai? Ban san amsar ba. Abu ɗaya na sani, ba zan sake miƙa sanda ba tare da an amsa mini ba.

Ka sha fushinka, washegari da hantsi ka same ta a bakin murhu. Kana tsammanin na fita, alhali ina bayan zana ina gyaran sarƙar keken da ba abin da ya same ta. Na ji ka durƙusa ka ce, “Inna, rannan sanar da ke na yi. Yau tambaya na zo yi. In kin ce in zauna, na zauna.”

Ta ce, “Ka tambayi ubanka.”

Ka ce, “Ya ce sai abin da kika faɗa.”

Can ta ce, “Da gaske kake, Auta? In na ce zauna za ka zauna?”

“Wallahi, Inna.”

“Ko aikin ya tafi?”

“Ko ya tafi. Allah zai kawo wani.”

Ban san ko har zuciyarka ka faɗa ba, amma muryarka ba ta yi rawa ba, kuma a ranar na san na haifi mutum. Sai na ji ta fashe da kuka, irin wanda ban ji ta yi ba ko ranar da aka kawo agogon. Da ta tsagaita ta ce, “Ja'irin yaro, ka zauna ka yi mini me, ka cinye mini doya? Tashi ka tafi. Na yarda, da bakina na faɗa. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka gama da duniya lafiya.” Kafin azahar ta tura an sayo nama, gida ya cika da ƙamshin dambu, faɗa ya dawo sabo, wai wandunan da ka goge ma ba su gogu ba. Ban taɓa jin daɗin faɗan Innarku kamar na ranar ba.

Saura abu ɗaya game da kalmomin nan, kada ka ɗauki rabin karatu. An ba ka clear ba ya nufin layin empty ne. Sau nawa direba yana riƙe da sandarsa ya tarar da shanu sun bazu a kan dogo, ko ruwa ya kwashe ƙasa a ƙarƙashin katako. Albarkar uwa ba ta hana ka haɗuwa da mugun shugaba ko abokin da zai ja ka mashaya, ba ta hana sauro cizo. Ka buɗe idonka, ka kwana cikin gidan sauro, ka riƙe sallarka a kan lokaci ko da kai kaɗai ne mai yi a wurin. Mutanen da za ka zauna cikinsu kada ka dube su da idon abin da ya sami yayanka. Na yi aiki da 'yan'uwansu a tashar nan kafin yaƙi, mun ci a kwano ɗaya, su ma akwai uwayen da ke da akwati a ƙarƙashin gado. Kuma in ka tambaya an amsa maka, ka tafi, kada ka tsaya nuƙu-nuƙu. Jirgin da aka ba sanda ya ƙi tashi, shi ma tare wa wasu hanya yake yi. In za ka rubuto, ka sa wa Innarku tata takardar daban, Ladi za ta zo daga Bosso ta karanta mata. Ka cika ta da surutu, har abin da ka ci, don shi take son ji.

Yanzu ga abin da ba ka gani ba. Bayan jirginka ya ɓace a kwana, muka tako gida a ƙasa, tana gaba ina baya. Muka shiga. Ta ajiye mayafi, ta durƙusa ta jawo akwatin nan, ta share ƙurar da gefen zaninta, ta buɗe. Riguna biyu ne a ciki, da hula, da allonsa na makaranta. Ta daɗe tana kallon su. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Malam, da Usman ya tambaye ni yadda yaron nan ya tambaye ni, da shi ma na ce masa ya je.”

Nasiru, tun ranar da liman ya raɗa sunan nan ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta ninke rigunan ta miƙo mini, ta ce in kai masallaci ranar Juma'a a ba mabukata. Ta riƙe hular. Ta ce, “Na sallame shi shi ma. Allah ya kai haske kabarinsa.” Daga nan ta tambaye ni ko akwai sauran dambun da ba ka kwashe ba, wai yunwa take ji. Ta zauna ta cinye tas.

Tana gaishe ka, ta ce ka rage barkono. Ladi da yaranta suna gaishe ka. Allah ya tsare ka a zaune da a tafe, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na ruwa da na mutum, ya dawo mana da kai lafiya. In ka idar da salla ka sa yayanka Usman a addu'a, ka kira shi da sunansa. A gidan nan yanzu haka muke yi.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.